Janye Kwas a Jami'a: Abin da Yakan Jawo wa Karatu da Aljihu

1.0 Gabatarwa

Kusan kowane ɗalibi yakan ci karo da wani kwas da ya yi masa nauyi, ko wata larura ta rashin lafiya ko ta iyali, har ya ji gwamma ya sauke wani abu daga kayan da ya ɗauka. Wannan ba abin kunya ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake saukewar. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana ire-iren janyewa, sa'an nan a duba abin da kowace takan jawo ta fuskar sakamako da ta fuskar kuɗi.

2.0 Asalin Tsarin

Tsarin karatu na kwasa-kwasai masu yunit daga Amurka ya samo asali. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan, ta fara aiki da shi tun da wuri. A 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin karatu na bai ɗaya, tsarin ya game jami'o'in ƙasar. Bisa wannan tsari, ɗalibi yakan yi rajistar yunit 15 zuwa 24 a zango guda, kuma digiri na shekara 4 yana buƙatar aƙalla yunit 120. A yawancin jami'o'i A tana da maki 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuwa ba ta da ko ɗaya. Ana ninka makin kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimlar yunit ɗin da aka yi wa rajista. Abin da ya fita shi ne matsakaicin maki, kuma da shi ake yanke darajar digiri.

3.0 Ire-iren Janyewa

Ana iya kasa janyewa gida uku. Na farko, janye kwas ɗaya ko biyu cikin makonnin farko na zango, ta hanyar cike takardar ƙari da ragi. Na biyu, jingine karatu ɗungum na zango ko shekara, bayan an rubuta takarda ta hannun Shugaban Sashe, hukumar jami'a kuma ta amince. Na uku, ɗalibi ya daina zuwa aji kawai, bai gaya wa kowa ba. Biyun farko doka ta san da su. Na ukun kuwa, a wajen jami'a ba janyewa ba ce, faɗuwa ce, domin muddin sunan ɗalibi yana cikin rajista, ranar jarrabawa za a nemi takardarsa, in babu a rubuta masa F.

4.0 Illa ga Karatu

Bari mu ɗauki misali. Ɗalibi ya yi rajistar kwas 6, kowane mai yunit 3, watau yunit 18. Ya ci B a guda 5, ya watsar da na shidan ba tare da cike takarda ba. Makinsa 60 ne, a raba da 18, ya tashi 3.33. Da a ce ya janye kwas ɗin bisa ƙa'ida, da 15 za a raba, ya sami 4.00. Tun da babbar daraja ta biyu tana farawa ne daga 3.50, rashin cike takarda guda ya sauko da aikinsa na zangon zuwa ƙaramar daraja ta biyu.

Tabon kuma ba ya gogewa da wuri. A inda ake lissafa faɗuwa tare da maimaici, ko da ya sake kwas ɗin ya ci A, makin waɗannan kwasa-kwasai 75 ne a kan yunit 21, watau 3.57. Takwaransa da ya janye bisa ƙa'ida, ya dawo ya ci A, nasa 75 ne a kan 18, watau 4.17. Ƙwazonsu ɗaya, sakamakonsu ya sha bamban.

Sai dai janyewa ta ƙa'ida ma tana da nata farashi. Wasu kwasa-kwasan tsani ne, ba a hawa na sama sai an taka na ƙasa. Wanda ya ajiye kwas ɗin share fage na ginin jimla ba zai sami damar ɗaukar na gaba da shi ba, ga shi galibi sau ɗaya ake koyar da kwas a shekara. In abin da ya bari ya taru ya haura yunit 24 a zangon ƙarshe, tilas ya ƙara zango ko shekara. Wannan ƙari kuwa yana da iyaka: digiri na shekara 4 ba a yarda ya wuce shekara 6 ba. Haka nan wanda jinkiri ya sa ya haura shekara 30 kafin ya gama, takardar yafewa za a ba shi maimakon tura shi yi wa ƙasa hidima.

5.0 Illa ga Aljihu

Kuɗin rajista, da zarar an biya, da wuya jami'a ta mayar da su don ɗalibi ya rage kwas ko ya tafi gida. Shekarar ƙari kuma tana zuwa da sabuwar rajista da kuɗin ɗaki da abinci da mota, ga jinkirin fara neman na kai. Tun daga 2023, lokacin da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, wannan nauyi ya daɗu a kan iyaye. Mai karatu da tallafin gwamnati ko na wani kamfani shi ma sai ya duba sharuɗɗansa, domin akan ƙayyade shekarun da za a biya, wani lokaci har da matsakaicin makin da ba a yarda a gaza ba.

Akwai kuma rancen ɗalibai, wanda aka sa wa dokarsa hannu a watan Afrilu na 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, kuma ana fara biyansa shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa. Duk da haka rance ne, ba kyauta ba. Wanda ya ƙara shekara da shi ya ƙara bashi.

A Amurka, inda tsarin ya fito, an tsananta lamarin fiye da haka. Ɗalibin da ya bar karatu kafin ya wuce kashi 60 cikin 100 na zango, gwargwadon kwanakin da ya yi kaɗai ake ɗauka ya cancanta daga tallafin gwamnatin tarayya. In ya yi kwana 30 cikin zango mai kwana 100, kashi 30 ne nasa, sauran a mayar wa gwamnati, sau da yawa kuma makaranta ta bi shi bashin giɓin. Wannan ya shafi 'yan ƙasar ne. Ɗalibanmu da ke can da bizar karatu kuwa, wanda ke digiri na farko in ya sauko ƙasa da yunit 12 ba da izini ba, zamansa ma a ƙasar ya shiga haɗari.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ba janyewar ce babbar illa ba, yin ta a makare ko a ɓoye shi ne. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, to amma mai ƙin tashin sai ya faɗa da bakinsa. Saboda haka wanda kwas ya gagara, ya fara ganin malami mai kula da ajinsu, ya san ranar da ake rufe ƙari da ragi, ya tabbata abin da ya rage bai gaza yunit 15 ba, ya kuma duba ko kwas ɗin tsani ne ga wani. In larura ce ta rashin lafiya, ya nemi jingine karatu a rubuce, da shaidar likita, ya adana kwafin amincewar. Malamai kuma, ya kyautu su riƙa yi wa 'yan aji ɗaya wannan lissafi a allo tun makon farko, kafin su koye shi daga takardar sakamako.