Tumbuɗi da Ƙwannafi: Nazarin Kalmomin da Uwa Ke Bayyana Ciwon Ɗanta da Su a Unguwar Dala, Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Unguwar Dala da ke Maiduguri, wadda ba ita ce Dala ta Kano ba, mazauni ce ta al'ummu daban-daban, kamar Barebari da Shuwa da Babur da Margi da Hausawa. Rikicin da ya ɓarke a shekarar 2009 ya ƙara cika birnin da mutanen ƙauyuka. Hausa ce takan haɗa waɗannan jama'a a kasuwa da asibiti. Wannan maƙala za ta dubi kalmomin da uwa ke amfani da su idan ɗanta na fama da dawowar abinci daga ciki, da kuma abin da kan biyo baya idan aka yi musu gurguwar fassara.

2.0 Yadda Ciwon Yake

A ƙarshen hanyar abinci, daidai bakin tumbi, akwai wata tsoka mai aikin ƙofa. Takan buɗe abinci ya shiga, sannan ta rufe. A jikin jariri wannan tsoka ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa nono kan dawo. Abin yakan fi yawa wajen wata 4, kuma yawancin yara sukan daina tsakanin wata 12 zuwa 18. Idan yaro ya wuce haka, har ya isa yaye abin bai tsaya ba, to ruwan tsamin ciki na iya ƙona masa hanyar abinci. A nan ne lamarin ya zama cuta.

3.0 Kalmomin da Ma'anoninsu

(a) Tumbuɗi: dawowar nono ko kunu a bakin yaro ba tare da yunƙuri ba.
(b) Amai: fitar abinci da ƙarfi da yunƙuri. A karin harshen yamma akan ce haraswa.
(c) Gyatsa: fitar iska daga ciki ta baki.
(d) Ƙwannafi, ko ƙwarnafi: zafi da tsami masu tasowa daga ƙirji zuwa maƙogwaro.
(e) Ƙwarewa: bin abinci ko ruwa ta hanyar numfashi.

Idan aka lura, za a ga cewa tumbuɗi da amai da gyatsa duk suna bin aikatau "yi": ya yi tumbuɗi, ya yi amai. Abubuwa ne da ake gani ko ake jin ƙararsu. Shi kuwa ƙwannafi akan ce "yana damuna" ko "ya taso mini", domin mai shi kaɗai ke jin sa. Ke nan yaro ɗan shekara 2, wanda bakinsa bai gama buɗewa ba, ba zai iya faɗinsa ba. Sai dai uwa ta ce, "Yana ƙin abinci," ko "Yana banƙarewa yana kuka," ko "Tari yake yi cikin dare."

4.0 Matsalar Fassara

Saƙon yakan bi matakai uku: daga alamar yaro zuwa tunanin uwa, daga harshenta na gado zuwa Hausa, sannan daga Hausa zuwa Ingilishin da ma'aikacin lafiya ke rubutawa a kati. A kowane mataki ma'ana na iya zubewa. Wadda Hausa ba harshenta na farko ba ce tana iya kiran komai da amai, sai a karkata ga zazzaɓin cizon sauro ko ciwon ciki. Haka kuma kalmar zuciya tana da faɗi a Hausa. "Tashin zuciya" ba shi da alaƙa da ciwon zuciya, amma mai fassarar kalma da kalma zai iya rikita su.

Al'ada ma tana da tasiri. Akan danganta ciwon yaro da fitar haƙori, sai a jinkirta zuwa asibiti. Yaron da ya ƙi ci kuwa akan yi masa ɗura, alhali ɗura na iya sa shi ya ƙware, kunu ya shiga huhu.

5.0 Saƙon da Ya Kamata Uwa Ta Ji

A riƙa ba yaro abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ya zauna a miƙe kamar minti 30 bayan ci, kuma kada ya kwanta sai bayan awa 2 da cin abincin dare. A rage masa maiƙo da yaji da lemon kwalba, a nisanta shi da hayaƙi. Kada a jiƙa masa kanwa, kada a sayo magani ba da izinin likita ba. Maganin ranitidine, wanda aka daɗe ana bayarwa, an janye shi daga kasuwa a Amurka a shekarar 2020. Idan aka ga jini ko kore a cikin amai, ko rama, ko wahalar numfashi, sai a garzaya asibiti.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa bambancin tumbuɗi da amai na iya canza maganin da za a ba yaro. Saboda haka ɗalibin da ya sami kansa a matsayin tafinta, ko mai fassara sanarwar lafiya a rediyo, kada ya tsaya ga kalma ɗaya. Ya tambayi uwa: da yunƙuri ya fito ko babu? Sau nawa a rana? Tun yaushe? Amsoshin nan ne za su nuna masa kalmar da ta dace ya isar wa likita.