Dubiyar wanda ya ji mummunan rauni a Landan

Wanda hatsari ya rutsa da shi a Old Kent Road, idan raunin ya yi tsanani, galibi asibitin King's College da ke Denmark Hill ake kai shi. Yana cikin asibitoci huɗu da Landan ta ware wa manyan raunuka tun 2010.

Kafin ku fita, ku kira sashen da aka kwantar da shi ku ji lokacin dubiya. A asibitin ƙashi na Dala mun saba cika ɗaki da dangi, amma a nan yawanci mutum biyu ake bari a bakin gado. Ku tsara zuwa bi da bi, ku wakilta mutum ɗaya ya riƙa magana da likitoci, domin ba sa faɗa wa kowa halin majinyaci.

Abinci ne inda ƙauna ke jawo matsala. Wanda za a yi wa tiyata ana hana shi ci da sha na wasu sa'o'i, kuma cokali guda na kunu na iya sa a ɗage aikin. Ko zamzam ne ko rubutu, a fara tambayar nas. Asibitin na ba da abincin halal idan an nema.

Wanda ya bugu a ka yana saurin gajiya. Ku yi masa sannu, ku yi addu'a a hankali, ku tashi. Kada ku tsare shi da tambayar yadda abin ya faru, kuma don Allah kada a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp. Ranar da aka sallame shi, a samu mai raka shi gida da mai dafa masa abinci.