Zuwa Dubiya: Hidimar Kirista ta Yau da Kullum

A Bisharar Yohanna sura 13, Yesu ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bayi ke yi a wancan zamani. Mai son koyi da wannan tawali'u ya dubi 'yan Zumuntar Mata a ikilisiyoyin ECWA, COCIN da EYN. Da an kwantar da wata a asibiti ko an yi rasuwa, su ne kan gaba: wannan ta dama kunu, waccan ta share tsakar gida, wata ta kwashi wankin yara.

Mai zuwa dubiya ya fara tambayar mai jinya abin da ake bukata, domin sau da yawa kuɗin magani ko wanda zai kwana da marar lafiya ya fi ledar lemo amfani. Ya taƙaita zama, ya yi gajeriyar addu'a, ya miƙa sauran ga Ubangiji, kada ya yanke wa kowa ranar warkewa. Hoton marar lafiya kuwa kada ya hau Facebook sai da izininsa.

Maza ma su karɓi kwanan asibiti, kada a bar wa mata kaɗai.