Kafin ka sayi dashen abiyu ko na wata bishiya, nemi ganin uwarsa



Sana'ata renon 'ya'yan itatuwa ce. Ina shuka ƙwallo a leda, ina aurar da mangwaro da lemo, ina kuma bin gidajen da aka dasa su don in ga yadda suka kama ƙasa. A 'yan shekarun nan wata tambaya ta yawaita a wurin aikina. Mutane suna zuwa da hoton wani ɗan itace rawaya mai sheƙi da suka gani a shafukan sada zumunta, an tsaga shi biyu, cikinsa fari tas, suna tambayar ko ina da dashensa. Sunansa abiyu. Wasu ma kafin su iso wurina sun riga sun tura kuɗi ga wanda ba su taɓa gani ba, an aiko musu da busassun ƙwallaye a ambulan ko wani tsiro a leda da ba wanda zai iya rantsuwa a kan ko mene ne. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba in yi bayani a fili.

Asalin abiyu dazukan kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, wajen Barazil da Peru da Kolombiya da Ekwado. Danginsa ɗaya da agwaluma da kaɗanyarmu, kuma duk ukun suna fitar da farin ruwa mai danƙo idan an ji musu rauni. Ɗansa yakan kai girman lemun zaƙi, da ƙwallo ɗaya zuwa huɗu a ciki, zaƙi ne zalla ba tsami, amma in bai nuna sosai ba danƙon yakan manne wa mutum leɓe. Daga can aka kai shi arewacin jihar Kwinsland a Ostareliya, da Fulorida da Hawai a Amurka, da Maleshiya. A Ostareliya ne aka zaɓo wasu nagartattun irinsa aka ba su suna, irin su Gray da Z2 da Z4. Duk wuraren nan da na lissafa abu guda ya haɗa su, wato damshi a iska da ruwan sama mai yawa.

To mu fa? Ruwanmu a Kontagora yana kaiwa wajen milimita 1,000 zuwa 1,200 a shekara, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ba ɗigo. Iskar hunturu ta zo ta busar da komai ƙayau, bazara ta biyo baya da zafin da ke kusantar digiri 40. Abiyu kuwa ba ya jure fari, ba ya son busasshiyar iska mai ƙarfi, ƙaramin dashensa ma rana tsaka takan ƙona masa ganye.

Ku dubi 'yan uwansa biyu da muka sani. Kowace shekara muna shan agwaluma lokacin hunturu, amma a mota ake kawo mana ita daga kudu, domin bishiyar kurmi ce. Kaɗanya kuma ga ta nan birjik a gonaki daga hanyar Rijau zuwa ta Tegina, ba mai ba ta ruwa, wutar daji ta wuce ta kanta ta sake tohowa, saboda kaurin ɓawonta da zurfin saiwarta. Shi ya sa Jihar Neja take sahun gaba a Najeriya wajen samar da kaɗe. Halin abiyu na agwaluma ne, ba na kaɗanya ba. Ban ce ba zai taɓa rayuwa a nan ba. Abin da na ce shi ne dasa shi a Kontagora gwaji ne, kuma wanda gurbin bishiya ɗaya tak gare shi a tsakar gida bai kamata ya ba da gurbin ga gwaji ba.

Batun ƙwallon da ake aikowa shi ya fi damuna. Ƙwallon abiyu ba ya ajiyuwa. Da zarar an fitar da shi daga cikin ɗan ya bushe, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Saboda haka ƙwallon da ya yi makonni a hanya cikin ambulan, a bushe, ko shekara za ka yi kana ba shi ruwa ba zai tsiro ba. Cinikin biri a sama ke nan. Sannan akwai doka. Shigo da iri ko tsiro daga wata ƙasa yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito. Kada a ɗauki wannan a matsayin wahalar da mutane. Farin ƙwaron nan mai manne wa ganyen mangwaro, wanda ke sa ganye ya yi baƙi da danƙo, ɗan kudu maso gabashin Asiya ne. A farkon shekarun 1980 aka fara ganinsa a Afirka ta Yamma, ya yi ɓarna mai yawa a kan mangwaro da lemo, sai da masana na cibiyar binciken noma ta IITA da abokan aikinsu suka kawo wasu ƙananan ƙwari maƙiyansa daga Indiya kafin aka shawo kansa. Ƙudan nan da ke sa tsutsa a cikin mangwaro shi ma baƙo ne daga Asiya, a shekarar 2003 aka fara gano shi a Kenya, cikin ƙanƙanin lokaci ya iso mu. Tsiro guda da aka ɓoyo a jaka yana iya jawo wa masu lambu na ƙasa guda asara.

Wanda ya ji duk wannan kuma yana da hali da sha'awar gwadawa, ban hana shi ba, ni ma ina son ganin sabon abu ya yi kyau a ƙasarmu. Amma ya nemi wanda ke da bishiyar a cikin Najeriya, tana haihuwa, ya gan ta da idonsa ko ya aiki wanda ya amince da shi, in da hali ya ɗanɗana. Abiyun da aka shuka daga ƙwallo yakan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu a inda yanayi ya karɓe shi, sai dai 'ya'yan ba sa bin uwa sak: wani ya yi 'ya'ya manya masu yawa, wani ya yi ta fure ba ya riƙewa. Don haka a dasa biyu ko uku kusa da juna, abin da kuma ke taimaka wa furen ya kama. Don gane shi a leda, a tsinki ganye ɗaya: farin ruwa mai danƙo zai fito. A juya bayan ganyen: na abiyu kore ne gaba da baya, na agwaluma bayansa fari-fari ne. A murza shi a shaƙa: in aka ji ƙamshin mangwaro, to mangwaro aka sayar maka. Wurin dasawa ya zama inda katanga ko wasu bishiyoyi suka tare iskar arewa maso gabas, ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya, a yi masa rumfar zana a shekararsa ta farko, a kuma tabbatar akwai rijiya ko burtsatse da ba ya ƙafewa a Maris da Afrilu. In babu wannan ruwan, a haƙura.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafi kowa, domin kuskuren da ake yi a kan abiyu shi ake yi kullum a kan mangwaro da lemo da gwaiba. Mutum ya tsaya bakin titi, ya zaɓi dashen da ya fi tsawo da yawan ganye, ya biya ya tafi. Sai bayan shekara biyar ko shida ya gane abin da ya dasa, lokacin da ba a iya mayar da shekarun.

Tambaya ta farko ga mai sayarwa ita ce: ina uwar? Mai renon kirki yana da bishiyoyin da yake yankar reshen aure daga jikinsu, ko ya san lambun da yake samowa, kuma ba zai ji haushi don ka nemi gani ba. Dalilin tambayar shi ne mangwaro kashi biyu ne. Namu na gargajiya mai zare, ƙwallonsa ɗaya yakan fitar da tsiro da yawa, kuma galibinsu suna ɗauko halin uwa. Amma manyan iri irin su Kent da Keitt da Julie tsiro ɗaya ƙwallonsu ke fitarwa, kuma ba ya ɗauko uwa. Ka sha mai daɗi, ka shuka ƙwallonsa, ka samu wani abu daban. Irin waɗannan sai ta hanyar aure: a ɗauko reshen nagari a haɗa shi da gindin na gargajiya mai jure ƙasarmu. Ɗan aure yakan fara haihuwa cikin shekara uku ko huɗu, kuma ba ya yin tsawon da zai gagari tsinka.

Sai ka duba wurin auren da kanka. Yana nan a jikin kara, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ko sama da haka kaɗan. Ya zama ya warke, ɓawon sama da na ƙasa sun haɗe, ba tsaga, ba ruwa mai tsatsowa, kuma reshen sama ya riga ya fitar da sabon ganye da ya ƙosa. Na sha ganin dashen da aka ɗan kankare jikinsa aka naɗe da leda don a ce ɗan aure ne. In ka ga leda a naɗe, ka roƙi a kwance a gabanka. A lemo kuwa ido guda ake ɗorawa, za ka ga inda aka datse kan gindin da inda sabon reshe ya fito ta gefe a ɗan karkace. Lemun zaƙin da ba a aurar ba yakan yi ƙaya da yawa, ya daɗe bai haihu ba, kuma ciwon ruɓewar gindi ya fi saurin kama shi.

Abin da kusan ba wanda ke dubawa shi ne saiwa, alhali ita ce rayuwar bishiyar a ƙasa mai dogon rani irin tamu. Ɗaga ledar. In ta ƙi ɗaguwa, saiwa ta huda ta shiga ƙasa, kuma za a tsinke ta ne a ba ka. In dashen ya yi tsawo ƙwarai a cikin 'yar ƙaramar leda, babbar saiwar ta naɗe a gindin ledar, kuma haka za ta ci gaba da zama a naɗe ko an dasa. Irin wannan bishiyar takan yi shekaru a tsugune, ko iskar farkon damina ta kayar da ita. Dashen da bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, mai kara miƙaƙƙe da kaurin fensir ko fiye, ya fi dogon da ya tsufa a leda nesa ba kusa ba. Sannan a juya ganye a duba bayansa: farin ƙwaro, baƙin danƙo, ganyen da ya nannaɗe ko ya yi rawaya-rawaya, duk a bar su a inda aka gan su.

Ga mai son iri mai suna da tabbaci, cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da rassa a Bagauda ta Jihar Kano da Dadin Kowa ta Jihar Gombe. Abin da aka rena a Bagauda ya riga ya san hunturu. Malaman gona na yankinmu su ma suna iya nuna muku masu reno na gaskiya. Dashen da aka ɗauko daga kudu kuwa, a ajiye shi a inuwa mako biyu, ana fito da shi rana kaɗan-kaɗan kafin a dasa.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, Yuni zuwa Yuli, domin saiwa ta samu watanni tana shiga ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. Rami ya kai santimita 60 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanye, don ɗanyen yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. A cire ledar gaba ɗaya, kada wurin auren ya nutse cikin ƙasa. Mangwaro yana son tazarar mita 8 zuwa 10, lemo 6 zuwa 7, saboda haka ƙaramin gida ya fi dacewa da gwaiba ko lemun tsami ko gwanda, nesa da katanga da masai. A kewaye shi saboda awaki tun ranar farko. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi reshen, a koma ga mangwaro mai zare. Furen shekarar farko ma a tsinke shi, ko da zuciya ba ta so, don bishiyar ta yi ƙarfi tukuna.

'Yan uwana masu wannan sana'a, mu ji tsoron Allah a kan abin da muke sayarwa. Wanda ya sayi dashe a hannunmu amana ya ba mu ta shekaru, wani ma sadaka mai gudana yake nufi da ita don iyayensa. In ba ɗan aure ba ne, mu faɗa. In ba mu san irin ba, mu faɗa. Ku kuma masu saye, daminar bana kada ku ba kowa kuɗinku sai kun ga uwar, kun duba wurin aure, kun ɗaga leda kun ga saiwa. Wanda ya karanta wannan ya isar wa maƙwabcinsa da ke shirin dashe.