Yadda A Ke Rufe Bakin Safa

Idan hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, sai a ga mata sun ɗauko zare da kibiyoyi suna saƙa wa 'ya'yansu kayan sanyi: hula, da riga, da safa. A cikin ukun nan safa ta fi wuya. Hula a kan kai ta ke zama, riga kuwa tana da maɓalli. Amma safa tilas ta wuce ta wuri mai kauri, sa'an nan ta kama wuri siriri ta tsaya, ba maɓalli, ba zariya. Sau da yawa mai saƙa ta kan yi kwana bakwai tana fama da safa, diddige ya yi kyau, wajen yatsu ya yi kyau, amma ran da aka zo sawa sai ƙafa ta ƙi shiga. Aikin mako guda ya ɓaci saboda layi ɗaya tak, watau layin ƙarshe da a ke rufe baki da shi.

Wannan saƙa dabam ta ke da ta masaƙa masu ƙoshiya. Su zare biyu su ke giciyewa, na tsaye da na kwance. Ita kuwa saƙar kibiya zare guda ne, a kan lanƙwasa shi a jawo shi ta cikin lanƙwasar da ta gabata. Kowace lanƙwasa a kira ta ido, kamar idon raga. Idan an jawo zaren ta fuskar mai saƙa, ya fito sumul, wannan idon gaba ne. Idan an jawo shi ta bayanta, ya bar ɗan ƙulli, wannan idon baya ne. A wuyan safa a kan jera na gaba biyu, na baya biyu, har a kewaye. Sai saƙar ta fito kamar gonar da aka yi wa huɗa, ga kunya ga kwari. In an ja ta, kunyoyin su baje. In an saki, su tattaru.

Safa tsohuwar aba ce. A Masar an tono waɗansu da suka haura shekara 1,500, masu rabe tsakanin babban yatsa da sauran, don a sa su da takalmin fata mai igiya. Waɗannan da allura guda aka yi su. Saƙar kibiya sosai kuwa, mafi tsufa da aka samu ita ma a Masar ne, tsakanin shekara ta 1000 da ta 1400. Safar auduga ce, fari da shuɗi, waɗansu har da rubutun Larabci jikinsu. Daga yatsu a kan fara su, a hau sama. Har wa yau haka a kan saƙa safar gargajiya a Turkiyya da Iran. Mutanen Ingila da maƙwabtansu su kuwa sun saba farawa daga sama su gangara.

A zamanin da ba a damu da bakin safa ya kama ba, gama igiya a kan ɗaura a ƙarƙashin gwiwa. A shekara ta 1589 wani Bature mai suna William Lee, mutumin wani ƙauye kusa da Nottingham, ya ƙago injin saƙa safa, amma injin bai iya kunya da kwari ba. Sai a 1758 Jedediah Strutt na Derby ya ƙara masa wani ƙarfe da ya iya. Safar kanti ta yanzu a kan haɗa zarenta da wani zare mai talewa kamar roba, wanda aka ƙago a Amurka a 1958. Mai saƙar hannu ba ta da wannan gata. Dabararta kaɗai za ta fisshe ta.

Farawa daga yatsu yana da amfani biyu. A kan iya gwada safar a ƙafa tun ana cikin aiki. Kuma a kan raba ƙwallon zare gida biyu daidai, a yi ta hawa har rabin ya kusa ƙarewa, ba a fargabar zare zai yanke kafin a kai yatsu. Amma wanda ya fara daga ƙasa, a baki zai gama, a nan kuwa tarkon ya ke.

Ga ɗan lissafi. A ɗauka safar babban mutum ce, da zare siriri. A kan ɗora ido 64, kowane inci kuwa ya ci ido 8. In an raba 64 gida 8, an sami inci 8, shi ne kewayen safar. Idon sawu bai fi haka da yawa ba, saboda haka za ta kama shi. Amma a ɗauki tef a auna ƙafar a karkace, daga ƙarshen diddige a kewayo ta gadon ƙafa. A ƙafa irin wannan sai a sami wajen inci 12. Nan ne wuri mafi kauri da bakin safa zai ratsa. Ashe ke nan baki mai inci 8 tilas ya buɗe ya ƙara inci 4, rabin kansa, sa'an nan ya koma yadda ya ke. Kowane ɗalibi yana iya auna tasa ƙafar da igiya, ya ga bambancin da idonsa.

To, me ya sa rufewar da aka saba ba ta kai nan? Ga yadda a ke yin ta. A saƙa ido biyu, a ɗaga na fari a tsallakar da shi kan na biyu, ya fita daga kibiya. A saƙa wani, a sake tsallakarwa, har a ƙare. Hanya ce mai sauƙi, kuma ita a kan fara koya wa yara. Sai dai a lura da abin da ya faru. A jikin saƙa idanu a tsaye su ke, in an ja gefe da gefe kowane ido ya rage tsawo ya ƙara faɗi, yana aron zare daga maƙwabcinsa. A layin rufewa kuwa an kwantar da kowane ido a kan na kusa da shi, sun zama sarƙa. Sarƙa ko an ja ta ba ta da abin bayarwa, gama ta riga ta miƙe. Jikin safa na so ya buɗe, sarƙar baki ta hana. Duk dabarun da ke tafe abu guda su ke nema: a ƙara wa layin ƙarshe zare, a kuma ɓoye shi yadda ba zai yi reto ba.

Dabara mafi sauƙi ita ce a sauya kibiyar hannun dama da wadda ta fi kauri. In an saƙa safar da mai milimita 2.5, a rufe da mai 3.5. Idanun sarƙar za su yi girma, baki ya ɗan saki. Wannan ta isa ga safar jariri, wanda diddigensa bai fito ba sosai. Ga babba ba kasafai ta kan isa ba, gama sarƙa ko ta yi girma sarƙa ce.

Ta biyu waɗansu na kiran ta ta Rasha. A saƙa ido biyu, suna kan kibiyar dama. Maimakon a tsallakar da ɗaya kan ɗaya, sai a cusa bakin kibiyar hagu ta gabansu duka biyun, a naɗa zare, a jawo shi ta cikinsu, su zama ido guda. A saƙa wani, sun koma biyu, a sake haɗe su. Ga bambancin: ɗazu ido tsallakawa ya ke yi hannu wofi, yanzu kuwa kowace haɗawa da sabon zare ta ke zuwa. Tana da sauri, tana buɗewa ƙwarai. Aibinta ɗaya, in hannu ya yi sako-sako bakin ya kan baje waje kamar bakin kakaki. Idan safar na ƙafa ba a ganin wannan, sai an tuɓe.

Ta uku wata mata ce mai suna Jeny Staiman ta bayyana ta a mujallar masu saƙa da a ke kira Knitty, a shekara ta 2009, har yanzu kuma da sunanta a ke kiran ta. Ita ta fi dacewa da saƙa mai kunya da kwari, saboda haka a bi ta a hankali.

Kafin a saƙa kowane ido, sai a naɗa zare sau ɗaya a kan kibiyar dama, naɗin banza, ba a cikin kome ba. Sa'an nan a saƙa idon yadda ya zo, na gaba a yi masa saƙar gaba, na baya a yi masa ta baya. Sai a ɗaga naɗin nan a tsallakar da shi kan sabon idon, ya zauna a wuyansa kamar ƙawanya. A ido na fari shi ke nan. Daga na biyu, bayan an naɗa an saƙa, abu uku za a gani a kibiyar dama: tsohon ido, da naɗi, da sabon ido. A tsallakar da naɗin tukuna, sa'an nan a tsallakar da tsohon. Ɗaya ya rage. A ci gaba haka har a kewaye.

Asirin yana wajen da naɗin ya ke bi. In idon gaba ne ke tafe, zaren ya taso daga baya, ya hau kan kibiya, ya sauko gaba, ya bi ta ƙasa ya koma baya. In na baya ne, sai a juya: ya taso daga gaba, ya hau, ya sauka baya, ya bi ta ƙasa ya komo gaba. Da yake naɗi ɗaya ya karkata nan, ɗaya ya karkata can, sai bakin ya riƙa lanƙwashewa tare da kunyoyin, ya shiga inda suka shiga, ya fito inda suka fito. Zaren da aka ƙara ya ɓuya cikin lanƙwasar, ba ya fitowa sai diddige ya neme shi. Wanda ya yi naɗin duka ta fuska ɗaya, bakinsa zai buɗe, amma ba zai kwanta da kyau ba. Hanyar nan tana cin zare da yawa. Kada a bari sai ƙwallo ya zo ƙarshe sa'an nan a fara ta.

Ta huɗu ba saƙa ba ce, ɗinki ne. A kan jingina ta ga Elizabeth Zimmermann, wadda aka haifa a Ingila a 1910, ta ƙaura Amurka, ta koyar da saƙa ta hanyar littattafai da talabijin, ta rasu a 1999. A yanke zaren, a bar wutsiya wadda ta ninka kewayen baki sau huɗu. Ga safa mai inci 8, inci 32 ke nan, saura inci 4 ya cika yadi. A zura shi a babbar allura marar tsini, don kada ta tsaga zaren. A shigar da allurar cikin ido biyu na fari daga dama zuwa hagu, a jawo. A komo da ita cikin na fari kaɗai, daga hagu zuwa dama, a jawo, sa'an nan a sauke wannan idon daga kibiya. Biyu gaba, ɗaya baya, a sauke. Babu sarƙa a nan ko kaɗan, zaren kewaye idanun ya ke yi, shi ya sa bakin ya ke kwanciya lumui, yana kuma buɗewa.

Wannan ta fi ta Rasha kyan gani, amma tana son haƙuri. Ido 64, kowanne ja biyu, sau 128 ke nan zaren zai ratsa saƙar, in kuwa marar ƙwari ne sai ya soma tsinkewa. Hannu ya kan so ya ja da ƙarfi kamar mai ɗinkin buhu, wannan kuwa shi ke kashe ta. Sa'an nan in an yi kuskure ba a warware ta da ja ɗaya kamar sauran, sai an bi ta da allura ido-ido. Saboda haka gara mai koyo ta fara gwada ta a ɗan ƙyalle mai ido 20. Akwai kuma wata rufewar ta allura wadda ke sa baki ya dunƙule kamar na safar kanti, amma wannan sai hannu ya faɗa.

Zaren ma da nasa hali. Ulu na gashin tumaki in an ja shi ya kan komo. Shi ya sa zaren safa na Turai yawanci kashi 75 cikin 100 ulu ne, 25 nailan, ulu don talewa, nailan don ƙarko. Auduga kuwa in ta miƙe ba ta son komowa. Mafi yawan zaren da a ke sayarwa a kasuwa da sunan ulu ba na tumaki ba ne, na masana'anta ne, yana tsakanin biyun. Da irinsa, ko da auduga, ya kamata a tsawaita wuyan mai kunyoyi, ya kai inci 2 ko fiye, gama shi ke riƙe safa. Aikin layin ƙarshe kawai kada ya tare hanya.

Ba don kyau kaɗai a ke wannan wahala ba. Baki mai tsauri yana matse ƙafa. Jariri ba shi da bakin da zai ce safa ta dame shi, sai kuka, uwa ta yi ta neman ciwo a ciki ko a kunne. Tsofaffi masu kumburin ƙafa, da masu ciwon sukari waɗanda jin ƙafarsu ya ragu, su ma matsi na iya yi musu rauni ba su sani ba. In an tuɓe safa aka ga ta bar zane mai zurfi a fata, bakin nan bai yi ba.

Saboda haka mai saƙa ba ta ɓoye wutsiyar zare sai ta gwada. Ta sa yatsun hannu biyu cikin bakin, ta buɗe a kan rula. In kewayen da a ke nema inci 12 ne, to, buɗewar ta kai inci 6, gama safar ninki biyu ce. In ta kai, a kira mai ƙafar ya sa, ya taka, ya zauna, ya tuɓe. Sa'an nan a zura wutsiyar a allura, a ratsa ƙarƙashin idon da aka fara rufewa don a cike ɗan giɓin da ya rage, a saƙala sauran ta ciki, a bi da shi cikin kunya ɗaya har inci 2, a yanke.