Shekarar Farko a Ƙaramar Kwaleji: Misalin Berea

Ɗalibanmu da yawa suna tsammanin kowace jami'a a Amurka makekiya ce. Ba haka ba ne. Akwai ƙananan kwalejoji masu koyar da fannoni iri-iri. Bari mu duba Kwalejin Berea ta jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1855, ɗalibanta kuwa ba su kai 2,000 ba.

A nan gida, tun wajen cika fom ɗin JAMB yaro ke zaɓen fanninsa. A Berea ba a gaggauta sabon ɗalibi. Shekarar farko yakan taɓa rubutu, tarihi, lissafi ko kimiyya, galibi sai a shekara ta biyu yake tsai da fanninsa.

Aji ƙarami ne, don haka babu wurin ɓuya a kujerar baya. Malami zai ba da karatu yau, gobe ya nemi ra'ayin ɗalibi, ya kuma ce a kawo hujja, da baki da kuma a rubuce. A ganinmu, nan ne wanda ya saba haddace abin da malam ya rubuta a allo zai fi shan wuya, ko da ya ci jarrabawar WAEC da kyau.

Berea ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma dole kowane ɗalibi ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako. Kwaleji ce ke zaɓa wa sabon shiga aikinsa, wani ɗakin cin abinci, wani shara da goge-goge, ga kuma karatun gobe yana jiransa.