Darasi na 14: Ranar Komowa Kano

Jama'a, karatunmu na yau a kan komowa gida ne. Mu Kanawa mutanen tafiya ne tun kaka da kakanni. Da wuya ka shiga gida a cikin birni ka tarar ba su da ko mutum ɗaya a waje. Wani yana Ikko yana cinikin goro, wani yana Sabon Ibadan, wani Fatakwal wajen shanu, wani Kumasi, wani Yamai. Waɗansu karatu ya kai su, waɗansu aikin soja, waɗansu kuwa cin rani ne kawai, ruwa na sauka su juyo. Mu ma mun sha zaman baƙunci. Mun ci tuwon garin wasu, mun kuma san abin da zuciya ke yi daren da aka ce gobe sai gida.

Mu fara da mutanen da. Kafin zuwan jirgin ƙasa, fataken Kano su kan tafi Gwanja sayen goro, a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Babbar kasuwar can ita ce Salaga. Su kan ɗora wa jakuna tufafin Kano, da kanwa, da kayan fata, da gabu, watau busasshen ganyen albasa. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya. Zuwa da dawowa ya kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ga koguna, ga 'yan fashi, ga sarakunan hanya ko wanne da abin da zai karɓa. Goro kuwa ɗan lele ne. Sai an riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe, ana yayyafa ruwa, ana sake ganye. To, ku dubi mutumin da ya sha wannan wahala, ran nan da hantsi ya ɗaga kai ya hangi Dala da Goron Dutse sun ɓullo ta bisa itatuwa. Ai ba sauran gajiya.

Cikin waɗanda suka yi fataucin goro har da Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Ya yi zama a ƙasar Gana, sa'an nan ya komo Kano ya shiga cinikin gyaɗa, ya yi arzikin da har yau a ke labari. Ya rasu a 1955. Amma kada labarinsa ya ruɗe mu. A ko wane ayari, in wani ya komo da riba mai yawa, da dama kuɗin hatsi kawai suka samo. Wani ma jakinsa ya mutu a hanya, ya shigo da sandarsa kaɗai. Duka dai birni ɗaya suka shigo, kuma ko wanne akwai gidan da aka yi masa guɗa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Masu zuwa Makka a ƙasa sun fi kowa daɗewa. Su kan bi ta Barno, da Wadai, da Darfur, har bakin Bahar Maliya. In guzuri ya ƙare su tsaya a Sudan su yi aikin auduga, su tara su ƙara gaba. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu na can har yau suna jin Hausa. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. A 1925 jirgin sama ya fara sauka. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, yanzu ma ta awoyi.

Yau yawancinmu a mota mu ke komowa. Wanda ya taso daga Kudu ya kan kwana a hanya, gari ya waye masa wajen Kaduna ko Zariya. Daga nan barci ya ƙare. An wuce Kwanar Ɗangora, mutum ya gyara zama. An iso Kadawa da Kura, ga gonakin shinkafa kore shar ko da rani ne, sabo da ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. Masu talla sun taso wa mota, kowa na ɗaga kayansa, kuma da bakinmu su ke magana, bakin Kano. Wanda ya shekara yana auna maganarsa don kada a yi masa dariya, yau ya saki harshe. An haye gadar Tamburawa, an shigo Na'ibawa, ga 'Yan Lemo. Sai ka ji wani dattijo a bayan mota ya ce, "Alhamdu lillahi." Kowa ya amsa, har wanda bai san shi ba.

Kano ba ta yi wa kowa shiru. Tun daga tasha hayaniya za ta tarye ka. Ga 'yan kamasho suna kiran garuruwa, ga masu baro suna "a ba da hanya", ga adaidaita sahu rawaya kamar an watsa fara. Wanda ya bar gari kafin 2013 zai nemi ɗan acaɓa ya rasa, domin a shekarar nan aka hana ɗaukar fasinja a babur. Baƙo ya kan ce garin nan ya cika ƙura da ƙara. Gaskiyarsa. Amma mu a ranar nan ko ƙurar daɗi ta ke mana.

Mu dai shawararmu, in kayanka ba su da nauyi, kada ka yi saurin shigewa gida ta gajeriyar hanya. Bi ta bakin Kantin Kwari ka ga dilolin atamfa da shadda a kan 'yan dako, ka ji Zabarmanci da Barbarci da Larabcin Shuwa a layi ɗaya. Shiga ta Ƙofar Mata ka leƙa karofi. Marina sun ragu ƙwarai, ramuka da yawa sun bushe, amma har yanzu akwai masu tsoma zane a baba, hannuwansu shuɗi har gwiwa. In ka gangara Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, hancinka zai gaya maka inda ka ke tun ido bai gani ba: jima, da kanumfari, da turaren wuta, da daddawa. Can gaba ga gurasar Jakara. A barbaɗa mata ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa. Mun ci burodi iri iri a garuruwa, ba mu ga wanda ya kama ƙafarta ba. Wannan ra'ayinmu ne, Bazazzagi yana iya musu.

Sa'an nan lungu. Tun ba ka kai ƙofar gida ba yara sun hango ka. "Oyoyo! Ga Yaya, ga Yaya!" Wannan ya fizge jaka, wancan ya ruga cikin gida kai albishir don a ba shi goro. Dattawan da ke zaune a dakali su ce, "A'a, mutanen Ikko! Saukar yaushe?" Ka durƙusa ka gaishe su ɗaya ɗaya, kada ka yi musu jam'u.

A cikin gida kowa da irin murnarsa. Ƙanne suna tsalle. Kaka ta ce, "Mai gidan nawa ya dawo? To, ina tsarabata, ko wata ka samu a can?" Ka ce, "Ai ke kin tsufa, Iya, canji na zo yi." A yi dariya. Mahaifiya kuwa, in kai ne ɗan fari, ba za ta kama sunanka ba, ba za ta ko dube ka sosai ba. Iyakarta ta ce, "An iso? Sannu." Sai ta tashi ta shiga madafa. Kada ka ce ba ta yi murna ba. Dubi kwanon da za a kawo maka. Tun jiya aka yanka zakaran nan, miyar kukar kuwa da man shanu, yadda ka ke so tun kana yaro. Murnarta ke nan.

An kawo ruwa, an kawo fura. Hausawa sun ce ba baƙo ruwa ka sha labari. Amma mai komowa gida shi ya kamata ya fara shan labari, domin gari bai tsaya jiransa ba. Wance ta yi aure. Wane ya sami ƙaruwa. An cike kududdufin da mu ke kamun kifi an yi kantuna. Ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, wadda mu ke hawa muna yara, wuri da yawa ta zube, wani wurin an yi gini a kanta. Ga gadar sama a Ƙofar Nasarawa, har ɗan gari ya tsaya tambayar hanya. Daga ƙarshe a sassauta murya a ce, "Bayanka an yi rashe-rashe." A lissafa maka su.

Nan aikin mai komowa ya ke. Kashegari, kafin zagayen abokai, kafin majalisar shayi, sai gidajen ta'aziyya. Ko an shekara biyu da rasuwar, ka je. Ba a cewa ta wuce. Ka yi sallama, ka zauna, ka ce, "Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri." Sa'an nan gidajen barka. Sa'an nan baffanni da gwaggwanni da kawunnai, da surukai in akwai, da mai unguwa, da liman, da malamin da ya koya maka alif a makarantar allo. Tsaraba ba sai mai tsada ba. Goro biyar, sabulu, ɗan turare, alewar yara. Wanda ka tsallake zai ji, kuma ba zai faɗa maka ba. In akwai wanda ke binka bashi tun kafin ka tafi, je ka same shi da ƙafarka, ko ba ka da abin biya. Ya ji daga bakinka ya fi ya ji a kasuwa cewa ka shigo gari.

Yanzu mu koma kan maganar da muka ce ku riƙe. Akwai 'yan'uwanmu da yawa a Kudu da ƙasashen waje waɗanda ba kuɗin mota ya hana su zuwa ba. Kunya ce. Sun fita da cewa sai sun yi arziki, arzikin bai zo ba. Ko wace Salla su ce sai baɗi. Sun ji wane ya komo da mota, wane ya gina bene, su kuwa me za su nuna?

Mun san wani a unguwarmu, ba za mu faɗi sunansa ba. Shekara 11 ya yi a Ikko yana gadi. Ba mugun mutum ba ne, ba ya sha, ba ya caca. Ya kan aiko da ɗan abin da ya samu. In an kira shi a waya ya ce, "Ku gaya wa Baba ina nan tafe, akwai abin da na ke jira." Tsohon ya kan zauna a zaure da la'asar, in ya ji mota ta tsaya a bakin lungu ya aiki yaro ya dubo. Ran da mutumin nan ya zo, ya zo da akwati biyu da babbar riga ta tsohon, ɗinkin hannu, wadda ya yi shekara yana biya. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana sadakar uku. Rigar ƙanen tsohon aka ba.

Da aka watse, mahaifiyarsa ta kira shi ɗaki. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Shi fa bai taɓa tambayar me ka samu ba. Kullum tambayarsa, yaushe za ka zo."

Wani abin da mai jin kunya ya manta, Kano ba garin da za ka burge da kaya ba ne. Kirarinta ma ya gaya maka duk abin da ka zo da shi, ka tarar da wanda ya fi ka. Motar da ka ke jira ka saya, akwai ɗari irinta a Kwari. Sabo da haka mai akwati goma da mai jakar leda duk ɗaya ne a idon gari, kwana biyu an manta. Masu gori ba a rasa su, gaskiya ne. Za a sami wanda zai ce, "Shekara nawa, abin ke nan?" Ka ce masa, "Sai godiya." Maganarsa ba ta wuce mako. Kuma garin da ke da Kwari, da Singa, da Sabon Gari, da Dawanau, da Wambai, mai ƙarfi a jika ba ya rasa inda zai sa hannu, ko da dako zai fara.

Mutumin nan bai koma Ikko ba. Yana sayar da kayan miya a 'Yan Kaba. Da asuba in an fito masallaci ya kan tsaya wajen mai ƙosai a bakin lungu, ya sayi na mahaifiyarsa da zafinsa, ya kai mata kafin ya wuce kasuwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne duwatsu fatake ke fara hangowa in sun kusato Kano?
2. A wace shekara hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano?
3. Waɗanne gidaje mai komowa zai fara zuwa, kuma don me?
4. Wa ku ke da shi a waje wanda ya daɗe bai zo ba? Rubuta masa layi uku.